Ɗigo Uku a Tsakiyar Teku

Ka ce ina ɓata lokaci da nake duba takarda sau biyu kafin in sa hannu. Zauna, Malam, in ba ka wani misali. Na daɗe ina juya shi a raina, har yanzu bai bar ba ni mamaki ba.

A zamanin da jiragen ruwa ke dakon goro suna bin gaɓar teku zuwa Ikko, an yi wani mai zana taswira. Shekara goma sha ɗaya ya yi cikin kwalekwale tare da masunta, yana jefa igiya mai dalma a ƙarshenta don ya auna zurfi. Yakan shafa kitse a gindin dalmar, in ya jawo ya duba abin da ya manne, yashi ne ko laka ko ɓawon kodi, sai ya rubuta. Nan gaba bakwai, nan gaba huɗu na zurfi, ga bakin kogi, ga rimin da ake hange daga nesa. Ya mutu, taswirar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, har laima ta ci gefenta, ƙudaje suka yi mata zane nasu. Daga ƙarshe ta faɗa hannun wani matuƙin jirgi, shi kuwa ya kai wa wani marubuci mai kyan hannu ya ce ya kwafe masa a sabuwar takarda. Marubucin nan ba rago ba ne. Kwana tara ya yi a kai, bai bar lamba ɗaya ba, rimin ma ya fi na asali kyau. Sai dai can gaban wani tsinin ƙasa, a fili inda babu komai sai ruwa, ya ga ɗige-ɗige bakwai, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya ce a ransa, kashin ƙuda ne, ba zan kai ƙazanta cikin aikina ba. Ya bar wurin fari fat. Matuƙi ya karɓa ya yaba, ya naɗe tsohuwar ya bar wa marubucin.

A tafiya ta uku iska ta matsa jirgin kusa da gaɓa, matuƙi ya duba takarda ya ga fili, ya bi. Da rana tsaka, teku kwance, suka ji ƙasan jirgi ya yi ƙara kamar an tsaga ƙwarya. Masunta suka tsamo mutanen duka, Allah ya kiyaye rai, amma huhun goro ɗari biyu sun sha ruwan gishiri, jirgin kuma bai ƙara tashi ba. Da labari ya iso wa marubucin, bai yi musu ba. Ya ɗauko tsohuwar taswira ya shimfiɗa a hasken ƙofa, ya daɗe yana kallon ɗige-ɗigen nan. Can ya jiƙa yatsa da miyau ya goga. Huɗu suka fita, na ƙuda ne kamar yadda ya zata. Uku suka ƙi, domin tawada ce. Abin ya hana shi sukuni, sai da ya biya wani tsohon masunci ya kai shi wurin sa'ad da ruwa ya janye. Ga su nan, duwatsu uku baƙaƙe, kowanne bai fi turmin da aka kife ba, ruwa na rufe su yana buɗewa. Masuncin ya dube shi ya ce, "Ai duk garinmu an san su, Malam. Wanda ya zana su ma, ubana ne ya tuƙa shi. Kwana biyu ya yi a nan yana jefa igiya."

Ka ga abin da ke damuna? Mutumin nan yana da gaskiya a ɗigo huɗu cikin bakwai, kuma abin da zai raba masa su bai wuce miyau a kan yatsa ba. An ce har ya tsufa ba ya kwafe komai sai ya goga. Da ma Hausawa sun faɗa, wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.