Mabiyiya a Ƙarƙashin Ciyawar Roba

Shekara bakwai ke nan da hukuma ta shimfiɗa ciyawar roba a kowane tsakar gida, da bututu a ƙarƙashi mai shanye ruwan da laka ke riƙewa. Tun daga nan ba wanda ya sake taka taɓo, haƙa rami kuma ya zama laifi.

Ranar da surukarta ta haihu, jaririn na ta tsala kuka a ɗaki, Iya Ladingo ta fito da mabiyiya a ƙwarya, da wuƙa a hannu.

"Iya, ki bari motar hukuma ta zo ta karɓa," in ji ɗanta Barau.

"Taka a gidan nan na binne ta. Ta jikana ba za ta hau mota ba."

Ta yanka ciyawar. Babu laka ko kaɗan, sai tsakuwa da bakin bututu yana jan iska kamar mai barci. Ta yi bisimilla, ta ajiye mabiyiyar, ta rufe.

Da la'asar Barau ya kira ta ta zo ta gani. Yankan ya haɗe ba ko tabo, ciyawar wurin ta fi ta ko'ina tsawo. Iya ta shafa, ta ji ɗumi kamar jikin mutum.

Sai a lokacin ta lura jaririn ya daina kuka.