Shafe a Kan Tsatsa

Kai da kake tambaya ko shafen tangaran da ake yi wa bututun salansa, wato mai fitar da hayaƙin mota, yana da amfani, gyara zama ka ji misalin wani direba. Babbar mota yake ja, mai shan dizal, irin mai tobo ɗin nan da ke ƙara wa inji ƙarfi, kuma duk lokacin tumatir shi 'yan lambun garinsu suke danƙa wa kayansu ya kai Kurmi. Ba su da wata mota sai tasa, shi ma ya san haka, shi ya sa kullum a ɗar-ɗar yake. Babu abin da yake tsoro kamar gobara. Ya taɓa wuce wata mota tana ci da wuta a bakin hanya, mai ita na tsaye ya ɗora hannu a ka, tun daga ranar bawan Allah bai sake samun sukuni ba. Bututun da ya fito daga tobo ya gangara ƙarƙashin motarsa, in an daɗe ana hawa, ja yake yi kamar ƙarfe a maƙera, ga wayoyi ga tiyon iskar birki duk a gefensa. Abin da ya raba su da shi wani tsohon farantin ƙarfe ne da ya yi sako-sako, yana ta ƙwaram-ƙwaram. Ko masara ake gasawa a gefen titi ƙaurin ya shigo masa, sai ka ga ya taka birki ya diro, ya durƙusa yana shinshina ƙarƙashin mota. Har abokan aikinsa suka sa masa suna Sarkin Hanci.

Ana nan sai ya ji labarin wani mai gareji da ke shafa wa bututu wani farin abu dangin tangaran, mai tsare zafi a ciki ya bi hayaƙi ya fice. Kuma abin yana yi, ba ƙarya ba ne. Sai dai yana da sharaɗi: a kwance bututun, a kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fes, a wanke maiƙo, a shafa, a sa a tanda ya gasu, a bar shi ya huce. Aikin kwanaki ne. Shi kuwa ya zo ana gobe lodi, tumatir ya nuna, har an fara tsinka, tumatir kuma ba ya jiran kowa. Hankali ya ce masa ya bari sai ya dawo. Tsoro ya ce, in fa a wannan tafiyar ce wutar za ta kama? Ya kasa zaune ya kasa tsaye. Mai gareji ya ce, "Maigida, a kan tsatsa ba ya kamawa." Direba ya ce a dai shafa, zafin inji ai shi ma tanda ne. Da mutumin ya ga magiyar ta yi yawa, sai ya goge sama-sama da burushi, ya shafa masa ba tare da an ko kwance bututun ba. Ya fito fari tas. Don murna gogan naka ya sa aka cire farantin nan aka yar, wai ƙararsa na hana shi sauraron inji, kuma yanzu me ya rage da zai tare?

Aka yi lodi, kwanduna har sama, 'yan lambu suka raka shi da Allah ya kiyaye hanya. Ya tsaya ya leƙa, fari. Ya ƙara gaba ya sake leƙawa, fari. Sai ya saki jiki, abin da bai saba ba. Ashe tsatsar na ƙasa tana aikinta. Ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, ya huce ya tsuke, ga girgizar ramuka, shafen ya dinga tsagewa yana zubowa kamar ɓawon ƙwai, ta ɓangaren da ido ba ya kaiwa, daidai saitin tiyo. Rana na tsaka ya kama wani dogon hawa a cikin daji, ba gari gaba ba gari baya, mota na nishi a ƙaramar giya. Ƙaurin roba ya bugi hancinsa. Amma ya ce wa ransa ai an shafa, ƙila wata motar ce. Bai rufe baki ba ya ji fuuu! Tiyo ya narke, iska ta tsere. Birkin irin waɗannan motoci kuwa in iska ta gudu cijewa yake yi. Tayoyi suka kafe, wayoyi suka narke suka manne da juna, inji ya mutu murus.

Gobarar dai ba ta tashi ba, Allah ya tsare. Amma makaniken waya sai an je nesa, kuma kafin a samo shi rana ta yi ta dukan kwanduna, yau da gobe. Ya zagaya motar, ya zauna, ya tashi. Waya na ta ruri a aljihunsa, 'yan lambu ne ke son jin ko ya sauka lafiya, ya ƙi ɗauka. Can sai ruwan tumatir ya fara ɗiga ta ƙasan bodi, ja a kan kwalta, ƙudaje suka yi dandazo. Wahalar rani guda ta mutanen garinsu, ban-ruwa da noma da gadi, tana tsiyaya a gaban idonsa, shi kuma ba yadda zai yi. Wallahi abin tausayi ne.

Saboda haka in za ka shafa, ka ba wa aikin kwanakinsa. In ba ka da kwanakin, bar motarka yadda ka same ta. Ai Hausawa sun gama magana da suka ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.