Maraƙin da Ya Bi Mota

Zauna tukuna, Alhaji, ajiye sandar nan. Kafin ka tafi gidan 'yarka ka shiga tsakaninta da mijinta, alhali ko wata biyu ba su rufa da aure ba, bari in ba ka wani misali.

An yi wani dattijo, dillalin shanu, wanda a garke aka yanke masa cibiya, a kara, kasuwar shanu, kuma ya yi furfura. Da Allah ya hore masa, sai ya tafi yawon buɗe ido wata ƙasa can gabashin Afirka, ya kuwa dace da lokacin haihuwar wani naman daji da mutanen ƙasar ke kira nyumbu. Dabba ce mai kai irin na sa, da gemu irin na bunsuru. Idan ruwa ya sauka ciyawa ta yi kore, sai matan su taru dubu bisa dubu a fili guda, su yi ta zuba 'ya'ya cikin 'yan makonni. Direban da ke zagayawa da baƙi a buɗaɗɗiyar mota ya gaya masa ƙa'ida tun kafin su shiga dajin: ba a kusantar wadda ta haihu sai ta lashe ɗanta ta san warinsa, shi kuma ya kama nono. Domin ɗan in ya miƙe, abin da ya fara gani yana motsi a gabansa shi yake ɗauka uwa, ita kuma uwar ba ta shayar da wanda ba ta san warinsa ba. Dattijo ya gyaɗa kai kawai. Shi da ya tsufa cikin shanu, wai yau shi ake koya wa haihuwa.

Da hantsi suka tarar da wata ta ware gefe tana naƙuda. Suna kallo daga nesa maraƙin ya faɗo, jiƙe sharkaf. Ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa ƙafafu suka harɗe. Can sai dattijo ya hango kura kwance a gindin wata ƙaya, ba wani nisa. Ya yi maza ya nuna wa direba ita. Direba ya ce masa ya kwantar da hankali, kurar nan a ƙoshe take, ko kai ba ta ɗagawa, kuma kafin mutum ya shanye kofin shayi maraƙin zai miƙe ya bi uwarsa da gudu. Ina! Dattijo ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya dubi kura, ya dubi maraƙi, ya tuna 'yan maruƙan da ya rasa saboda jinkirin makiyayi. Tsoro yake ji na gaske, kuma tausayi ne ya kawo shi, wannan ba a hana shi ba. Amma ka san halin wanda ya saba ana jin maganarsa.

Ya dafa kafaɗar direba ya ce, "Ɗana, hannun nan ya karɓi haihuwar da ba ta ƙirguwa. Sa motar tsakaninsa da kurar nan. In ya mutu muna kallo, alhakinsa a wuyanmu."

Direba ya ƙi sau ɗaya, ya ƙi sau biyu, a na uku kunyar furfura ta ci shi, ya tayar da mota. Ƙarar inji ke da wuya, uwar da ta fara lasar ɗanta ta zabura, ta ruga ta shige cikin garke. Maraƙi ya miƙe a daidai lokacin, yana rawar ƙafa, ya duba bai ga komai yana motsi ba sai mota. Ya nufo ta, ya sa hanci a jikin taya yana neman nono.

Nan fa ido ya raina fata. Suka ja baya, ya biyo su. Suka tsaya, ya tsaya yana kuka. Dattijo ya ce a ja shi a hankali zuwa garke, ai uwa ba ta ɓata wa ɗanta. Aka ja shi. To, wace ce uwar? Dubbai ne, duk fuska ɗaya, duk gemu ɗaya, kowace da nata a gefe. Wadda maraƙin ya nufa sai ta sansana shi ta tunkuɗe shi da ƙaho, ya taso ya dawo wurin taya. Mutumin da ke gane saniyarsa cikin ɗari tun daga nesa, ya ƙura ido har ya yi hawaye bai gane ko ɗaya ba. Rana ta take, muryar maraƙi ta dushe, ga dokar dajin ta hana a ɗauke shi. Direba ya ce babu abin da ya rage sai su tafi da sauri, ko Allah zai sa in ya rasa motar ya koma cikin 'yan'uwansa. Suka ba mota wuta. Dattijo ya waiwaya, ya ga maraƙin yana bin sawun taya da iyakar ƙarfinsa, yana ƙara nisa da garke. Can bayansa kuma, kurar da ke kwance tun hantsi ta miƙe, ta yi miƙa, ta biyo a hankali.

Har yau in dattijon nan ya ji kukan maraƙi a kara, sai ya sunkuyar da kai. Don haka, Alhaji, ka bar yaran nan su san warin juna. Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.