Gawayin Hansatu

Tun da motoci marasa direba suka fara bin duk abin da suka karanta a bango, hukuma ta ce kowane mai gida ya goge rubutun bangonsa, ko a yanke masa ruwa.

Duba-gari ya tsaya a ƙofar Hansatu, ya nuna abin da ta rubuta da gawayi: A RAGE GUDU, KURMA NA WASA.

"Maman Nusaiba, ki goge. Kin hana motoci sauri a layin nan."

"Malam, 'yata ba ta jin hon."

"To, yau za a yanke miki famfo."

Sai ga wata mota, ta lafa, ta wuce Nusaiba a hankali. Hansatu ta ɗauko gawayi, ta ƙara wa haruffan kauri.

"Ku yanke. Na san hanyar rijiya."