An Soke Larabar Mama

"Wa ya ba ki izinin soke ranar mahaifiyata?" Na buga teburin sakatariyar har biro ya faɗi ƙasa.

Wata uku ke nan ina kawo Mama wurin likitar ƙwaƙwalwa duk Laraba, tun da ta daina yi wa kowa magana a gida. Ni ke shiga da ita, ni ke amsa tambayoyin likita. Yau Litinin, ina wurin aiki, sai ga saƙo wai an ba wani lokacinmu. Nan take na garzayo asibitin.

"Baiwar Allah, ki rage murya, akwai mutum a ciki," in ji sakatariyar.

"Ko ubanki ne a ciki! Kin san wahalar da nake sha da matar nan?"

Ta rufe littafinta, ta dube ni sama da ƙasa. "Ba ni na soke ba. Mai ranar ce ta roƙa a mayar da ita Litinin, lokacin da kike wurin aiki."

Ƙofar likita ta buɗe. Mama ta fito tana dariya, tana ƙarasa wani labari har da tafa hannu.

Tana ganina ta yi shiru, ta sunkuyar da kai.