Ƙarƙashin Tsohuwar Gada

A ƙarƙashin tsohuwar gadar kogin, wata injiniya ta ƙwanƙwasa ƙarfen gadar da guduma, ya burme kamar busasshiyar ƙwarya. Ta dubi mahaifinta, wanda ya shekara talatin yana yi wa gadar fenti.

"Baba, ka san da wannan?"

"Sau bakwai ina kai kuka ofis, sai su ƙaro mini fenti. Ke za su ji maganarki. Ki sa a rufe ta."

"Na rubuta musu. Sun ce sai baɗi."

Motar 'yan makaranta ta hau gadar, yara suna waƙa. Tsatsa ta zubo wa uban da 'yarsa a ka. Tsohon ya ɗaga hannu biyu ya tallafi ƙarfen. Ita ma ta kama masa.