Saniya Mai Lamba Sittin da Biyu

Karo na uku ke nan kwamfutar Kaneng ta kunna jar alama a kan saniya mai lamba sittin da biyu, karo na uku kuma saniyar ta ba ta kunya.

A takarda aikin ba wuya. Ana ɗaura wa kowace saniya 'yar shuɗiyar na'ura a ƙafa, kamar agogon hannu, tana ƙirga takunta. Duk bayan mako uku, in lokacin neman bijimi ya zo, saniya ba ta iya zama wuri ɗaya. Taku ya yi sama, na'ura ta sanar, a kira likitan dabbobi ya ɗura mata iri. Kaneng na ofishinta na jami'a a unguwar Edgbaston ta Birmingham, shanun kuwa suna gonar wani Bature, Alfred, can bayan Manchester. Tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka soke mata kuɗin jirgin ƙasa, sai dai ta yi kiwo ta allo.

Duk garken na bin ƙa'ida, ban da wannan 'yar taurin kan. Ran Lahadi da hantsi sai takunta ya haura kamar an sa mata wuta a wutsiya, bayanin kuma ba ya isowa sai Litinin da safe. Kaneng ta ɗora laifin jinkirin a kan intanet ɗin ƙauye. Sau biyu aka ɗura iri a banza. A na uku likita ya duba, ya ce saniyar nan ba bijimin da take nema.

Alfred ya bugo waya, ko gaisuwa babu. Ya ce in aka sake, zai kwance tarkacen duka ya zuba mata a kwali. In ya kwance, gwajin ya mutu. Kwantiragin Kaneng zai bi shi, bizarta ma haka.

Takaici ya ishe ta. Dama tun farkon gwajin ta koka wa yayanta Dung cewa maɗaurin na'urorin na tsinkewa, ba kuɗin sababbi, kuma in wata ta sake yin shiru a allo masu ba da tallafi za su janye. Dung dai ya gyaɗa kai. Ita ta samo masa aikin tatsa a gonar bayan an rage ma'aikata a tsohon wurin aikinsa an sallame shi, tun daga nan yake neman hanyar rama mata alheri. Su uku ne masu tatsar, suna karɓa-karɓar hutun Lahadi. In nasa ya zagayo, yakan hau bas daga unguwarsu ta Moss Side a Manchester zuwa Birmingham, inda 'yan Filato ke sujada da Hausa.

Da makon alamar ya sake matsowa, ta kira shi.

"Yaya, don Allah ka sa min ido a kan sixty-two ɗin nan. Contract ɗina fa a ƙafarta yake."

"Lafiyarta lau, tana cin abincinta," in ji Dung. "Ke dai ki zo church. Kullum jami'a, kullum jami'a, har an fara tambayata ko kin koma Jos."

Ta je, don dabara ta ƙare mata sai addu'a. Ta zauna a baya, ranta a jagule, tana tsara yadda za ta roƙi Alfred gobe.

Aka buga ganga. Mata suka ɗauki waƙar godiya, aka fito fili. Dung ne a gaba, ashe shi ne sarkin rawar wurin. Yana dira ƙafa, yana juyi, gumi har wuya, ba ya ko tsayawa shan iska. Kaneng ta yi murmushi duk da damuwarta.

Ya yi wani tsalle, ƙafar wandonsa ta ɗage. A idon sawunsa, ɗaure tamau da igiyar ƙunshin ciyawa, ga shuɗiyar na'ura mai lamba sittin da biyu.